Jiniyar Da Ba Ta Yi Kuka Ba

Masu karatu, yau ba ni da doguwar gaisuwa. In kun ga na tsallake wani abu ku yi min uzuri.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke ce min. Wanda nake so mai haɗa wayoyin mota ne, yana da rumfa a bakin gareji inda yake sa wa motoci sikiyoriti, na'urar nan mai ihu idan ɓarawo ya taɓa. A gida Mai Waya ake ce masa. Babban Yayanmu, da bai taɓa son maganar ba, Jiniya yake kiransa, wai bakinsa ba ya rufuwa. Ba zan ce ƙarya ya yi masa gaba ɗaya ba. Da ƙyar da jiɓin goshi Baba ya yarda manyansa su zo ƙarshen makon nan, kuma abin da ya sassauta zuciyar Baba shi ne aikin da ya yi masa a mota. Baba na son motar nan kamar ya goya ta.

Wasu 'yan matan idan saurayi ya zo, yabon ido da murmushi suke sha. Ni darasi nake sha. Zai zauna a bencin ƙofar gida ya ce min kowace mota da ya taɓa tana da ƙwaƙwalwa, wani ɗan baƙin akwati da yake ɓoyewa a bayan sitiyari. Kowace ƙofa tana da ɗan tsinke da ke kai mata rahoto in an buɗe, shi ne dai wanda ke kunna fitilar ciki. Haka bonet, haka but. Akwai kuma abin da ke jin girgiza, wanda yake kira kunnen kare: in ka cika masa ƙarfi, kyanwa ta hau mota sai unguwa ta tashi, in ka rage da yawa, a fasa gilashi yana barci. Jiniyar tana da ɗan batirinta na kanta, saboda haka ɓarawon da ya yanke wayar babban batir ya ƙara wa kansa ihu ne kawai. In ka kulle da rimot ta yi ƙara ɗaya, in ka buɗe ta yi biyu.

Abin da ya fi alfahari da shi shi ne ɓoyayyen madanni. Ko da makullin gaskiya ka tayar da motar, in ba ka danna shi ba za ta bar ka ka ɗan yi gaba, sannan ta yanke famfon da ke tura mai, ta mutu a tsakiyar titi tana kururuwa. Dokar sana'arsu ce, mai mota kaɗai ake nuna wa inda yake. Ranar da ya sa wa Baba, korar kowa ya yi daga wurin. Ni kaina na yi shagwaɓar duniya ya ƙi faɗa min.

Bai san ba ma buƙata. Duk lokacin da Baba ya tayar da mota sai ya sunkuya kamar yana sosa ƙafarsa ta hagu, ya ce sauro sun dame shi. Sauron da ba sa cizo sai an kunna inji. Umma har man shafawa ta taɓa miƙa masa, fuskarta ba alamar dariya. Duk gidan mun san wurin, ba wanda ya iya gaya masa.

Jiya ne ranar da Baba ba ya fita. In ya ci abincin rana yakan kwanta, ba ya motsi sai rana ta yi sanyi. Ina kicin ina wanke-wanke, sanye da tsohuwar doguwar rigata koriya mai yagaggen aljihu, ɗankwali na ta zamewa ina gyara shi da gwiwar hannu. Wayata na jingine da gwangwanin gishiri, muna gardama da Mai Waya kan kalar rigar da zai sa ranar zuwan manya. Ya rubuto wai fara zai sa. Na ce fara a jikin mutumin da baƙin mai ke bi har cikin barci? Ya turo min hoton faratansa, wai in duba, tun yanzu ya fara kankarewa.

A lokacin na ji ƙara biyu daga ƙofar gida, sannan inji ya tashi. Na ce a raina yau Baba ya fasa barcin ke nan, na ci gaba da goge tukunya.

Ba a jima sosai ba aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Sai ga Baba ya fito daga ɗaki da singileti yana share wuya da tawul, ya wuce ni ya nufi ƙofa shan iska. Soso ya faɗi daga hannuna.

Bai yi ihu ba. Can na ji ya kira Babban Yaya da wata murya ƙasa-ƙasa. Mu da muka san shi, gara ya yi faɗa.

Rumfar kwanon da motar ke kwana a ƙarƙashinta wayam, sai ɗigon mai a ƙasa. Makulli da rimot na aljihun wandon Baba, ya fito da su yana ta juyawa a tafin hannu. Telan da ke kallon gidanmu ya ce kansa na kan keke bai ga komai ba, amma ya rantse jiniya ba ta yi ko tari ba. Babban Yaya ya hau babur ya zaga layukan kusa, ko ta mutu a hanya kamar yadda aka yi mana alkawari. Ya dawo ba labari. Ya cire hular kwano ya ajiye a hankali, irin ajiyewar wanda ya daɗe yana jiran wannan ranar.

"Baba, mota ba ta yi kuka ba, ba ta mutu ba. Wanda ya ɗaure akuya ai shi ya san inda ya ƙulla igiya."

Ya ce a wuce ofishin 'yan sanda kawai. Baba ya ce a fara kiran yaron a ji ta bakinsa.

Ni kuwa ƙara biyun nan ke yawo a kaina. Ɓarawo ba ya buɗe mota da ƙara biyu. Rimot ke yin haka, kuma rimot biyu ne a gidan nan. Ɗaya na hannun Baba. Ɗayan na durowar Umma, ƙarƙashin mayafanta.

Na same ta zaune a bakin gado tana ninke wani shuɗin mayafi, ta warware, ta sake ninkewa. Durowar ba ta rufu duka ba. Ban ma gama tambaya ba ta ce in tura ƙofa.

Dole in gaya muku waye Birki. Shi ne yayana da nake bi. Sunan ya samo asali ne ranar da ya taka totur a madadin birki ya shige da ƙofar gida har da ginshiƙinta. A ranar, gaban kowa, Baba ya ce duk randa Birki ya sake taɓa sitiyarinsa, da shi da wanda ya ba shi makulli su nemi wani gidan. Baba ba ya haɗiye maganarsa ko da za ta shaƙe wani.

Umma ta ce wani kamfanin raba kaya ne ke neman direba, suka ce kowa ya zo da mota a gwada hannunsa. Birki ya daɗe yana zaman banza, ya koyi tuƙi sosai a wurin abokai, ya durƙusa mata har da hawaye, ta ba shi makulli da rimot ɗin. Ta lissafa barcin Baba ta ga zai je ya dawo ba wanda ya sani. Ba ta lissafa da masu wuta ba. Ta kira shi ya fi a ƙirga, wayar a kashe, wai dokar masu gwajin ce.

Sai ta kama hannuna ta faɗi abin da take so. In rubuta masa saƙo, ya gani da zarar ya kunna: kada ya dawo da motar gida. Ya ajiye ta bayan makarantar da ke ƙarshen layi ya tako da ƙafa. Gobe wani ya tsinta, a ce ɓarayi sun ji tsoro sun yar.

Na ce, to Mai Waya fa? In aka tsinci mota lafiya, ba a fasa gilashi ba, ba a yanke waya ba, har abada shi za a riƙa kallo.

Umma ta ɗago ta dube ni. Idonta ya yi ja amma ba hawaye.

"Miji ana samun wani, Auta. Ɗan'uwa fa, a wace kasuwa ake sayar da shi?"

Ku gaya min, me za ku ce wa mahaifiyarku? Na rubuta saƙon tana kallo. Na ce mata ya tafi. Bai tafi ba, yatsana ya ƙi.

Wayar ta yi motsi a hannuna. Mai Waya ne: "Lafiya dai? Yayanki ya kira ni kamar zai cinye wayar. Ina hanya." Na rubuta "Birki ne", na tsaya ina kallon kalmomin, na goge. Na tura masa: "Allah ya kawo ka lafiya."

Ya iso da rigar aikinsa ruwan toka, sukundireba mai fitila a aljihun ƙirji, baƙin salatif naɗe a ɗan yatsa inda waya ta yanke shi. Ya cire takalmi a bakin falo ya durƙusa ya gaida Baba. Kullum Baba kan nuna masa kujera. Jiya bai nuna ba. Na kawo ruwa a tire don in sami dalilin tsayawa, na raɓe jikin labule. Ba wanda ya taɓa ruwan.

Baba ya faɗa masa abin da ya faru a taƙaice. Na ga yadda fuskarsa ta sauya lokacin da ya gane ba don ya taimaka aka kira shi ba. Duk da haka bakin nan nasa bai iya yin shiru ba, ya fara bayanin tsinken ƙofa da kunnen kare, har Babban Yaya ya katse shi ya ce ba makaranta aka zo ba, a faɗa mana wa ya san madannin.

Mai Waya ya ce shi da Baba ne kawai. Baba ya ce shi ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Na ji kamar in nutse.

Sai Mai Waya ya tambayi rimot na biyu. Baba ya ɗaga murya ya tambayi Umma daga inda yake zaune. Daga cikin ɗaki ta amsa.

"Yana nan."

Baba ya ce to ka ji. Na ji ƙarar ƙofar baya, Umma ta zaga can bayan ɗakuna, na san wayar Birki za ta ci gaba da nema.

Mai Waya ya juyo ya kalle ni. Ban iya riƙe idonsa ba, na sunkuyar da kai ina kallon tire. Da na saci kallonsa, na ga yana duban takalman da ke jere a bakin ƙofa, ɗaya bayan ɗaya. Ya san takalman gidanmu. Ya san na wanda babu.

Ya nemi Baba ya ara masa wayarsa. Ya ce a cikin baƙin akwatin da ya sa wa motar akwai layin waya, in aka tura masa lambar sirri daga wayar mai mota yana amsawa da inda yake. Ya tura. Amsar ta dawo da taswira, ɗan jan ɗigo na tafiya a hankali a titin babbar tasha, can ɗaya gefen gari.

Kafin kowa ya yi magana Babban Yaya ya fita tsakar gida da wayarsa. Yana da abokai a cikin masu lodin tashar. Ina jin sa yana faɗa musu kalar mota da lambarta, yana cewa ɓarayi ne, su tsaya a bakin hanya. Ya dawo ya ce ai ya taɓa jin Jiniya na cika baki cewa da saƙo ɗaya ana kashe mota daga nesa. To a kashe.

Mai Waya ya ce gaskiya ne ana yi. Na'urar ba ta yanke mai in mota na gudu, don kada a yi hatsari. Jira take sai ta rage tafiya, sannan ta kashe inji, fitilu su hau walƙiya, jiniya ta saki kuka. A titin tasha kuwa, wurin da mota ke rage tafiya ɗaya ne, tsakiyar cunkoso.

Ya ajiye wayar a kan tebur ya janye hannunsa.

"Baba, ban ba ka shawarar ka kashe ta a can ba. In ta yi kuka a tsakiyar taron nan, kafin a tambayi na ciki sunansa an gama da shi."

"Tausayin ɓarawo kake ji," in ji Babban Yaya, "ko na abokin aiki?"

Na dubi Mai Waya. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Zai iya cewa a je a buɗe durowa. Kalma ɗaya ce. Bai faɗa ba, kuma bai sake kallon inda nake ba, don kada wani ya bi idonsa.

Baba ya ɗauki wayar. Ya laluba aljihu ya fito da tabarau, ya goge shi da bakin singileti, ya sa. Ya ce an koya masa yadda ake yi ranar da aka haɗa, bai manta ba. Ya fara dannawa da yatsa ɗaya, yana motsa leɓe da kowane harafi. Zafi ya cika falon, gumi na bin bayana har cikin zani na ciki. Ina ganin Birki a idona, da rigar da ya goge da safe, yana murna ya iya fakin.

Ba tare da ya ɗago ba Baba ya ce:

"Ka gaya wa manyanka kada su wahalar da kansu."

A nan bakina ya buɗe. Masu karatu, ina so in ce muku don Birki na yi. Wataƙila don shi ne. Amma tun Baba na harafin farko nake tsaye da bakina a rufe, sai da wannan maganar ta fito sannan na ji muryata. Ku yi min hukuncin da kuka ga dama.

"Baba, kar ka tura. Birki ne a ciki."

Yatsan Baba ya tsaya a sama. Na ce ina kicin na ji ƙara biyu, da rimot aka buɗe ta. Na ce gwajin aiki ya tafi. Baba ya ce ƙarya ne, ko da rimot ba zai wuce layin nan ba, ba wanda ya san madannin. Na ce ƙarƙashin kujera ne ta hagu, inda sauro ke cizonsa. Na ce duk mun sani, tun makon farko.

Ban taɓa ganin Baba ya tsufa a gabana ba sai jiya. Ya cire tabarau ya ajiye a kan wayar. Ya dubi Babban Yaya ya tambaye shi ko shi ma ya sani. Babban Yaya ya ce shi ya ɗauka kowa ya san kowa ya sani. Baba ya ce ya kira mutanensa na tasha yanzu, ya ce musu kuskure ne, wanda ya taɓa yaron shi da shi ne. Babban Yaya ya fita da gudu har yana tuntuɓe da takalma.

Sai a lokacin na lura da Umma. Tana tsaye a ƙofar da ke tsakanin falo da tsakar gida, waya a hannu. Ban san tun yaushe ba. Daga yadda take kallona na gane ba ta ji maganar tasha ba, ba ta ji maganar taro ba. Abin da ta tarar shi ne Baba ya soke zuwan manya, ni kuma na buɗe baki.

Baba ya juya ga Mai Waya ya tambaye shi ko ya sani. Ya ce bai sani ba, zato ya yi. Baba ya ce zato ne ya sa ya gwammace a kai shi ofishin 'yan sanda? Ya ce ba huruminsa ba ne ya buɗe durowar gidan da yake neman shiga. Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya nuna kujera.

"Tashi ka zauna. Maganar ƙarshen mako tana nan."

Abin da na yi wata da watanni ina roƙo ke nan. Na tsaya ina jiran daɗin ya zo.

Baba bai ɗaga murya ba da ya juya wajen Umma. Ya tambaye ta ko ta tuna abin da ya faɗa ranar da aka karya ƙofa. Ta ce ta tuna. Ya ce kuma ɗazu da ya tambaye ta, me ta ce masa? Ta ce ta ce yana nan. Ta ratsa falo ta wuce ta gabana, gefen mayafinta ya shafi hannuna, ba ta dube ni ba.

Na bi ta. Ta riga ta taka kujera ta sauko da babban akwati daga saman wadrob, ƙura na tashi. Na fara gaya mata zancen masu lodi, da cunkoso, da abin da zai faru da Baba ya danna. Kalmomin suna fita a hargitse. Tana ji, tana jera kaya. Da na gama ta ce alhamdu lillahi da ya tsira, ta ci gaba da jerawa. Ta ce in miƙo mata wayata. Na miƙa. Ta buɗe, ta ga saƙon da ta sa ni rubutawa yana nan zaune inda na bar shi, bai je ko'ina ba. Ta mayar min da ita a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai.

"Maganin hawan jinin babanki na saman firij. Bayan abinci yake sha, kuma sai an tsaya a kansa, in ba haka ba cewa zai yi ya sha. Tunda ke ce mai gaskiyar gidan, sai ki riƙa tsayawa."

Ta ja zif ɗin akwatin, ta ce in matsa mata daga bakin ƙofa.